Tasirin Fasahar Japan a Kan Kayan Adon Faransa Masu Shafen Gilashi, 1867–1910

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai, ya tsaya gaban kayan adon matan Faransa na ƙarni na 19, zai lura da wani sauyi da ya auku cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Kayan da aka ƙera kafin 1860 yawancinsu duwatsu ne masu tsada da aka jera sahu-sahu, ɓangaren dama daidai da na hagu. Waɗanda aka ƙera bayan shekara talatin ko arba'in kuwa, sai a ga fara a kan kara, ko tsattsewa tana ratsa reshe, ko kuma mazari, wato ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, haske yana wucewa ta cikin fukafukansa. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan sauyi shi ne haɗuwar maƙeran birnin Paris da fasahar ƙasar Japan.

Sai dai akwai abin mamaki a cikin wannan al'amari. A zamanin da ake magana a kai, matan Japan kusan ba su san sarƙar wuya ko 'yan kunne ko zobe a cikin adonsu ba. Haka kuma sana'ar shafa gilashi a kan ƙarfe ta yi ɗaruruwan shekaru a Faransa kafin kayan Japan su cika kasuwanninta. Idan har Japan ba ta da irin waɗannan kayan ado, kuma Faransa ba ta rasa sana'ar ba, to mene ne aka aro? Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya. Za a nuna cewa abin da ya ƙetaro daga Japan shi ne yadda ake kallon halitta da yadda ake tsara ta a kan ƙaramin fili, kuma za a bi wannan aro ta matakai uku: matakin kwaikwayo, da matakin narkarwa, da matakin komawa gida.

2.0 Ma'anar Shafen Gilashi da Ire-irensa

Abin da ake nufi da shafen gilashi a nan shi ne a niƙe gilashi mai launi ya zama gari, a wanke shi, a jiƙa, a shimfiɗa shi a kan zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe, sannan a saka cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 750 zuwa 850 na ma'aunin Salsiyas. Garin zai narke ya manne da ƙarfen, idan ya huce ya zama fata mai santsi da ƙyalli wadda launinta ba ya koɗewa. Wanda ya san kwanukan langa masu zanen furanni da ake yi wa amare jere da su ya riga ya san wannan abu, domin gilashi ne aka narkar a kan baƙin ƙarfe. Bambancin kawai shi ne na langa aikin masana'anta ne, na kayan ado kuwa aikin hannu ne.

Launin gilashin yana samuwa ne daga sinadaran ƙarafa da ake haɗawa da shi tun wajen dafawa. Sinadarin kobal yana ba da shuɗi, na jan ƙarfe yana ba da kore ko shuɗi mai haske, ɗan kaɗan na zinariya yana ba da ja mai sanyi, na kuza kuma yana ba da fari wanda haske ba ya ratsawa. Tun da kowane launi yana da zafin da yake narkewa, ana fara gasa masu jure wuta, a bi da masu rauni, ta yadda abu guda zai iya shiga tanderu sau da yawa kafin a gama shi. Kuskure ɗaya a gashin ƙarshe yana iya lalata aikin makonni.

Daga cikin hanyoyin wannan aiki, uku ne suka shafi wannan bayani, kuma ana kiran su da sunayensu na Faransanci a ko'ina:

(a) Champlevé: a sassaƙe ramuka a jikin ƙarfe mai kauri, a cika su da garin gilashi. Da wannan hanya birnin Limoges na Faransa ya yi suna tun ƙarni na 12.

(b) Cloisonné: a lanƙwasa siraran wayoyin zinariya bisa zanen da ake so, a kafa su a tsaye a kan ƙarfen, su zama kamar kunyoyin gona, a cika kowane ɗaki da launinsa. Bayan gashi sai a goge fuskar har waya da gilashi su daidaita. Rumawan Gabas sun ƙware a wannan hanya, haka ma mutanen Sin. Japanawa suna kiran ta shippo, ma'ana taskoki bakwai.

(c) Plique-à-jour: kamar ta biyu ce, amma ba a barin ƙarfe a bayan gilashin. Wayoyin ne kaɗai ke riƙe da shi, haske kuma yana ratsawa kamar tagar gilashi mai launi. Ita ce mafi wuya, domin gilashin da ya narke ba shi da abin da zai kwanta a kai. Maƙerin Italiya Benvenuto Cellini ya bayyana ta a littafinsa na 1568, daga baya aka yi watsi da ita har ƙarni na 19.

Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku da Turai ta fara koya daga Japan.

3.0 Halin da Ƙirar Kayan Ado ke Ciki a Faransa

Faransawa sun raba sana'ar maƙeran fari gida biyu. Akwai joaillerie, wadda aikinta shi ne dasa duwatsu masu daraja, inda ake ɓoye ƙarfe gwargwadon iko domin dutse ya fito. Akwai kuma bijouterie, wadda ta dogara ga sarrafa zinariya da sassaƙa da shafen gilashi. A zamanin Sarki Napoleon na III, wanda ya yi sarauta daga 1852 zuwa 1870, ta farkon ce ke da martaba, domin ana auna darajar abin wuya da nauyin duwatsunsa. Gano daimon a Afirka ta Kudu a 1867, da buɗe ma'adinan Kimberley a 1871, sun ƙara yawan wannan dutse a kasuwannin Turai.

Su kuwa masu aikin zinariya da gilashi, abin da suka fi yi a lokacin shi ne waiwaye. Wasu suna kwaikwayon kayan Girkawa da na tsoffin mutanen Italiya, musamman bayan da gwamnatin Faransa ta sayi babban tarin kayan tarihi na Campana a 1861. Wasu kuma suna maimaita salon ƙarni na 16. Hannu ya ƙware ƙwarai, amma zanen duk gado ne da aka sha juyawa. Wannan ƙishirwar sabon abu ita ce ta share wa fasahar Japan fage.

4.0 Hanyoyin da Fasahar Japan ta Bi ta Isa Paris

Daga shekarun 1630, mahukuntan gidan Tokugawa sun taƙaita hulɗar Japan da ƙasashen waje ƙwarai. A cikin Turawa, 'yan Holan ne kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma a wani ɗan tsibiri da ake kira Dejima a Nagasaki. A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka isa gaɓar Japan, aka ƙulla yarjejeniya a 1854, Faransa kuma ta sami tata yarjejeniyar ciniki a 1858. Daga nan kayan Japan suka fara kwarara Turai ta hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce ta manyan baje-kolin duniya. A na Landan na 1862 an nuna kayan da jakadan Ingila a Japan, Rutherford Alcock, ya tara. A na Paris na 1867 Japan da kanta ta kawo kaya, ta kuma sake zuwa a 1878 da 1889 da 1900. Gwamnatin Meiji da ta karɓi mulki a 1868 ta ɗauki sayar da kayan fasaha a matsayin hanyar samun kuɗin waje da kuma ɗaga sunan ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ta zane-zanen da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako, waɗanda ba su da tsada kuma ba su da nauyin ɗauka. Mafi tasiri ga masu sana'a shi ne jerin littattafan zane na Katsushika Hokusai (1760–1849) da ake kira Manga, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1814, ya kai juzu'i 15. A cikinsu akwai dubban ƙananan zane na tsuntsaye da kifaye da ƙwari da ciyayi da mutane, kowanne an kama shi cikin motsi da layuka kaɗan. Ga maƙeri mai neman abin da zai cika fili kamar faɗin kwabo, wannan rumbu ne.

Hanya ta uku ita ce ta ƙananan kayan ƙarfe. A 1876 gwamnatin Japan ta hana jarumawan gargajiya, wato samurai, yawo da takubba. Kayan ƙawar takobi, musamman tsuba, faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙota da ruwan takobi domin kare hannu, suka rasa masu saye a gida, aka yi ta jigilarsu zuwa Turai. Tare da su aka kawo inro, wato 'yan ƙananan akwatunan magani da maza ke ratayawa a ɗamara, da matazai da tsinkunan gashi na mata. Waɗannan su ne ainihin adon Japanawa, kuma su ne suka fi kusa da aikin maƙerin fari.

Hanya ta huɗu ita ce ta dillalai da marubuta. Henri Cernuschi ya zaga Asiya daga 1871 zuwa 1873, ya dawo da dubban kaya waɗanda aka baje wa jama'a a Paris a 1873. Mai sharhin fasaha Philippe Burty shi ne ya yaɗa kalmar Japonisme a rubuce-rubucensa na 1872 domin kiran wannan sabuwar sha'awa. Louis Gonse ya wallafa littafinsa kan fasahar Japan a 1883. Wani Bajapane mai suna Hayashi Tadamasa, wanda ya zo Paris a 1878 a matsayin tafinta, ya zama babban dillalin zane-zane. Sai kuma Siegfried Bing, haifaffen Hamburg ta Jamus, wanda ya fitar da mujallar wata-wata mai suna Le Japon artistique daga 1888 zuwa 1891, fitowa 36, da Faransanci da Ingilishi da Jamusanci, da nufin ta isa hannun masu sana'a.

5.0 Matakan Tasiri

5.1 Matakin Kwaikwayo: Falize da Tard

Maƙeran da suka fara ɗora zanen Japan a kan kayan ado masu shafen gilashi har suka yi suna da shi su ne Alexis Falize (1811–1898) da ɗansa Lucien Falize (1839–1897). Lucien ya ga kayan Japan a Landan a 1862, suka kuma shiga ransa. Daga wajen 1867 gidansu ya fara fitar da sarƙoƙi da 'yan kunne da 'yan ƙananan ƙoƙunan zinariya masu marfi da ake ratayawa a wuya, dukkansu da aikin cloisonné. Wanda ya yi musu aikin gilashin shi ne Antoine Tard, wanda ya yi irin wannan aiki ga kamfanin Christofle mai ƙera kayan azurfa. Ana iya ganin sarƙar wuya ta wannan zamani daga maƙerar Falize a gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan.

Idan aka duba waɗannan kaya da kyau za a ga abubuwa uku. Na farko, tsuntsaye da furanni da ƙwarin da ke kansu an ɗauko su ne daga zane-zanen Japan, musamman na Hokusai. Na biyu, an shafa gilashi a fuska biyu, kowace da nata zanen, ta yadda mai sarƙar za ta iya juya ta. Wannan ya dace da wata buƙata ta sana'ar, domin ƙarfen da aka shafa wa gilashi a fuska ɗaya yakan lanƙwashe idan yana hucewa, shafen baya shi ke daidaita shi. Falize ya mayar da wannan larura ta zama ado. Na uku, launukan masu kauri ne, irin su shuɗi mai haske da rawaya da ja, kuma sun fi kama da na kayan cloisonné na ƙasar Sin.

Wannan batu na uku yana da dalili a tarihi. A 1860 sojojin Ingila da na Faransa sun wawashe fadar bazara ta sarkin Sin da ke kusa da Bejin, aka kawo manyan tukwane da kaskon turare masu aikin cloisonné Faransa, har matar Napoleon na III, Eugénie, ta buɗe musu ɗaki na musamman a fadar Fontainebleau a 1863. Su ne suka farfaɗo da sha'awar wannan hanya a Paris. Shi kuwa shippo na Japan, a wannan lokaci bai daɗe da farfaɗowa ba. Kaji Tsunekichi (1803–1883) na yankin Nagoya ne ya raya shi a shekarun 1830 ta hanyar nazarin kayan waje, kuma har shekarun 1860 gilashinsa bai sami ƙyalli sosai ba. Ke nan kayan Falize haɗin gambiza ne: hanyar aiki tsohuwa ce da kayan Sin suka tayar, zane na Japan ne, siffar sarƙa da ɗan kunne kuma ta Turai ce.

Me ya sa zanen Japan ya zauna daram a cikin wannan hanya? Amsar tana cikin yanayin ayyukan biyu. Mai buga zane da katako yana fara fitar da baƙin layi da ya zagaye kowace siffa, sannan ya cika cikinta da launi shimfiɗaɗɗe, ba tare da inuwa ba. Mai aikin cloisonné shi ma haka yake yi, sai dai layinsa wayar zinariya ce, launinsa kuma gilashi. Zanen Turai na lokacin, wanda ya dogara ga inuwa da zurfi, yana wahalar shiga tsakanin wayoyi. Na Hokusai kuwa kamar don wayar aka yi shi.

5.2 Matakin Narkarwa: Lalique da Gaillard da Vever

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da aron ya tsaya a kan ɗauko tsuntsun Hokusai a manna a kan sarƙa, da ya wuce kamar kowane yayi. Abin da ya ba shi nauyi shi ne abin da tsara ta biyu ta yi da shi daga wajen 1890 zuwa 1910, zamanin salon da ake kira Art Nouveau, wato sabuwar fasaha. Wannan suna ya yaɗu ne daga kantin da Bing ya buɗe a Paris a watan Disamba na 1895, wato mutumin da ya fi kowa tallata kayan Japan shi ne kuma ya buɗe wa sabon salon kasuwa. A wannan mataki an rage kwafar zane kai tsaye, aka koma amfani da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinsa. Ana iya taƙaita su kamar haka:

(a) Rashin tilasta daidaito tsakanin dama da hagu. Reshe yana iya shigowa daga gefe guda, a bar ɗaya gefen fili.

(b) Girmama ƙananan halittu da ba a ɗauke su abin ado ba a da, kamar fara da zanzaro da jemage da ciyawar bakin hanya.

(c) Nuna halitta cikin wani lokaci na musamman: fure yana buɗewa ko yana yaushi, ganye ya bushe, itace ya tsaya cikin sanyi.

(d) Auna darajar abu da aikin da aka yi masa, ko da kayan da aka yi shi da su masu araha ne.

René Lalique (1860–1945) shi ne jagoran wannan tsara. Ya fara koyon sana'a a wajen Louis Aucoc a 1876, ya yi karatu a Ingila daga 1878 zuwa 1880, ya kuma yi wa shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt kayan ado a shekarun 1890. Ya shigar da ƙaho da hauren giwa da gilashi cikin kayan da a da sai daimon. Ƙaho, wanda ake yi wa kallon abin talaka, ya sassaƙa shi ya yi matazai masu dogayen haƙora irin na matan Japan. Aikinsa mafi shahara shi ne adon ƙirji mai siffar mazari da ya ƙera tsakanin 1897 da 1898, wanda faɗinsa ya haura santimita 26. Jikin mace da aka sassaƙa daga koren dutse yana fitowa daga bakin ƙwaron, fukafukan kuma an yi su da plique-à-jour, an haɗa su da gaɓoɓi domin su motsa. An nuna shi a baje-kolin Paris na 1900, wanda kusan mutum miliyan 50 suka ziyarta, yana kuma gidan adana kayan tarihi na Calouste Gulbenkian a Lisbon.

A nan ne hanyar plique-à-jour ta sami abin da ya dace da ita. Fiffiken mazari a halittarsa jijiyoyi ne sirara da wata fata da haske ke ratsawa a tsakaninsu, wato daidai da waya da gilashi marar baya. Hanyar tsohuwa ce ta Turai, masu aikin gilashi irin su Fernand Thesmar (1843–1912) sun riga sun farfaɗo da ita, amma sha'awar ƙwari da ganyaye da aka koya daga Japan ita ce ta ba ta aikin yi a kayan ado. Eugène Feuillâtre (1870–1916), wanda ya shugabanci sashen gilashi a maƙerar Lalique kafin ya buɗe tasa, yana cikin waɗanda suka kai ta matuƙa.

Lucien Gaillard (1861–1942) ya fi kowa kusantar Japan ta fuskar sana'a. Ya karɓi maƙerar gidansu a 1892, ya duƙufa kan nazarin gaurayen ƙarafan da Japanawa ke amfani da su a kayan takobi. Ɗaya shi ne shakudo, jan ƙarfe da aka zuba wa zinariya kaɗan, wanda idan aka dafa shi cikin wani ruwan haɗi yake rinewa ya zama baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ɗayan shi ne shibuichi, ma'ana ɗaya bisa huɗu, gaurayen azurfa da jan ƙarfe mai ba da launin toka iri-iri. Maƙerin Turai ya saba ganin ƙarfe a matsayin abin da za a goge ya yi walƙiya. Maƙerin Japan kuwa yana ɗaukar ƙarfe a matsayin launi. Gaillard ya ɗauko ma'aikata Japanawa zuwa maƙerarsa ta Paris domin a yi aikin a gabansa. Kayansa sun fi na Lalique sauƙin tsari: sau da yawa fure iri ɗaya ko ƙwaro iri ɗaya ne kawai a kan mataji. Adon gashinsa mai mazari biyu, na wajen 1904, yana Rijksmuseum a Amsterdam.

Henri Vever (1854–1942) ya haɗa sana'a da ilimi. Iyalinsa sun bar garin Metz suka koma Paris bayan Jamus ta karɓe yankin a 1871. Ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tara zane-zanen Japan a Turai, gidansu ya sami babbar lambar yabo a baje-kolin 1889 da na 1900, ya kuma rubuta tarihin ƙirar kayan ado ta Faransa a ƙarni na 19 cikin juzu'i uku, waɗanda suka fito daga 1906 zuwa 1908. Wannan littafi yana cikin muhimman madogarai kan maƙeran da aka ambata a sama.

5.3 Matakin Komawa Gida

Tasirin bai tafi ta hanya ɗaya ba. A shekarun 1870 wani masanin sinadarai Bajamushe, Gottfried Wagener, ya taimaka wa masu shippo na Japan wajen inganta gilashinsu, ya sami ƙyalli da yawan launuka. Daga nan sana'ar ta bunƙasa cikin sauri. Namikawa Yasuyuki (1845–1927) na Kyoto ya shahara da baƙin gilashi mai zurfi da wayoyi sirara ƙwarai. Namikawa Sosuke (1847–1910) na Tokyo, wanda ba ɗan'uwansa ba ne duk da sunan ya zo ɗaya, ya ƙware wajen ɓoye wayoyin ko cire su, har aikin ya yi kama da zanen alkalami. An naɗa su duka biyu masu fasahar fadar sarkin Japan a 1896. Ke nan lokacin da shippo ya kai ƙololuwarsa ya zo ne bayan kayan Falize na farko da shekaru masu yawa.

A farkon ƙarni na 20 kuma masu sana'ar Nagoya suka shiga yin gilashi marar baya, irin wanda ya yi tashe a Paris, amma da tasu dabarar. Sukan gina aikin a kan jikin jan ƙarfe, bayan an gama gashi su narkar da jan ƙarfen da ruwan asid, a bar waya da gilashi kaɗai. Suna kiran wannan shotai shippo. Su ma zane-zanen da suka tayar da wannan guguwa sun koma gida: wajen 1920 Vever ya sayar da dubbai daga cikin tarinsa ga attajirin Japan Matsukata Kojiro, waɗanda daga baya suka shiga Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Tokyo.

6.0 Abin da Aka Aro da Abin da Aka Bari

Ya kamata a lura cewa siffa ta ƙetare teku, amma ma'anarta sau da yawa ta tsaya a gida. A Japan mazari alama ce ta nasara, jarumawa suna son sa a kayan yaƙinsu, kuma ɗaya daga cikin tsoffin sunayen ƙasar, Akitsushima, ana fassara shi da tsibirin mazari. Tsuntsun nan dangin gauraka da ake yawan zanawa yana nufin tsawon rai. Furen ceri, wanda ke zubewa cikin 'yan kwanaki, yana tuna wa mai kallo gajartar rayuwa. Matar Paris da ta sayi sarƙar Falize ba lallai ne ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A hannun Lalique kuwa mazari ya sami wata ma'ana dabam, domin ya haɗa shi da jikin mace da faratan dabba, ya zama hoton kyau mai ban tsoro, wanda tunani ne na marubuta da masu zanen Faransa na ƙarshen ƙarni na 19. Siffar mace da ta cika kayan Art Nouveau ba daga kayan ƙarfen Japan ta fito ba.

Haka kuma bai dace a jingina dukkan sauyin ga Japan ba. Nazarin tsirrai da ƙwari ya bunƙasa a Turai a wannan ƙarni, kuma akwai masu kira da a dawo da martabar aikin hannu a gaban na inji. Fasahar Japan ta tarar da waɗannan a ƙasa, ta ba su misali na zahiri da ido zai gani, ta nuna cewa al'umma za ta iya zuba dukkan gwanintarta a kan mataji ko ƙotar takobi.

Salon bai yi tsawon rai ba. Gilashi marar baya yana saurin fashewa, kuma masana'antu sun cika kasuwa da kwaikwayo mai araha har abin ya gundura. Kafin 1910 masu kuɗi sun koma ga daimon da aka dasa a farin ƙarfen filatinam, salon da gidan Cartier ya yi fice da shi. Lalique kansa ya karkata ga aikin gilashi zalla, ya fara yi wa François Coty kwalaben turare, yaƙin 1914 kuma ya rufe babin. Duk da haka tasirin Japan ya sake ɓullowa a shekarun 1920 ta wata fuska, alal misali a 'yan akwatunan kwalliyar mata da aka ƙera bisa siffar inro.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun tasirin fasahar Japan a kan kayan adon Faransa masu shafen gilashi daga 1867 zuwa wajen 1910. An ga cewa hanyoyin aikin guda uku sun riga wannan haɗuwa, kuma siffofin kayan, kamar sarƙa da ɗan kunne, na Turai ne. A mataki na farko, Falize da Tard sun ɗauko zanen Hokusai suka zuba shi cikin wayoyin zinariya, domin layi da shimfiɗaɗɗen launi na bugun katako sun dace da cloisonné. A mataki na biyu, Lalique da Gaillard da Vever sun riƙi ƙa'idojin tsari da na zaɓen kayan aiki, suka gina nasu salon a kai. A mataki na uku, Japan ta karɓi ilimin sinadarai da gilashi marar baya daga Turai ta sarrafa su da tata dabarar. Saboda haka mai nazarin irin waɗannan kaya, idan ya ɗauki ɗaya a hannu, zai fi samun biyan buƙata idan ya raba tambayarsa gida huɗu: daga ina hanyar aikin ta fito, daga ina zanen ya fito, daga ina siffar abin ta fito, kuma wace ma'ana mai shi ya ba shi. A mafi yawan kayan da aka ambata a nan, amsoshin huɗu ba sa nuna ƙasa ɗaya.